Idan komai ƙaddara ce, ina da hakkin jin haushin ƙanina kuwa?

Bazazzagi_TudunWada

Assalamu alaikum 'yan zaure. Dan Allah a yi haƙuri da tsawon rubutu, abin ne ya tsaya min a rai, kusan sati biyu kenan ko barcin kirki bana yi.

Ina da napep guda ɗaya, adashi na ɗauka na cika da ɗan abin da na tara na saya, sai na ba ɗan baffana yana ja tsakanin Kwangila da Samaru yana kawo min balas da yamma. Ƙanina ne dai, gida ɗaya muka tashi. Kwanakin baya yace min Yaya birkin nan fa ya fara sanyi, nan take na ƙirga dubu takwas na ba shi nace gobe da sassafe ka kai wa bakanike kafin ka ɗau fasinja ko ɗaya, yace toh. Ashe bai kai ba, kuɗin a cacar ƙwallo ya zuba su ta waya, wai yana sa ran su ninka ya gyara birkin ya kuma samu na kashewa. Kwana tara bayan haka wata yarinya mai tallan gyaɗa ta zo tsallaka titi wajen Palladan, ya taka birki birki ya ƙi, ya kwashe ta. Allah ya taƙaita tana raye amma ƙafarta ta karye wuri biyu, har yanzu tana kwance.

Da aka zauna a gida sai Baffa yace ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta ba mai kankarewa, ko da birkin sabo ne fil in an rubuta sai ta karye to sai ta karye, wai in daina ɗaure wa yaron fuska. Ban iya musu da shi ba, uba ne. Na fita na samu wani abokina da ya gama ABU ina ba shi labari ina zaton zai goya min baya, shi kuma sai ya ɓullo min ta wata hanya, wai ai ko a ilimin boko ma babu wani abu wai shi zaɓi, ƙwaƙwalwa kamar inji take, yadda aka haife ka da gidan da ka tashi da abokan da ka samu su suke tura ka, kai dai ji kake kamar kai ka zaɓa. Wato dattijon gida da ɗan boko sun haɗu wuri guda sun wanke min yaron tas.

Ni kuma wlh in na kalle shi zuciyata tafasa take yi. To shine nake tambaya, in da gaske ne ba yadda zai yi ya yi wani abu daban da wanda ya yi, haushin da nake ji zalunci ne kenan? Kuma kuɗin asibitin da nake ta biya, in nace sai ya biya ni na shiga hakkinsa?

Almajirin_Kusfa

Wa alaikumus salam. Allah ya ba yarinyar lafiya. Ni almajiri ne ba mai fatawa ba, amma maganar nan ta Baffa tsohuwa ce ƙwarai, tun farkon ƙarni na biyu na hijira ake ja-in-ja a kanta. Jahmu bin Safwan, wanda aka kashe a shekara ta 128, shi aka sani da cewa bawa ba shi da aiki na haƙiƙa, jingina masa kawai ake yi kamar yadda muke cewa rana ta faɗi ko ruwa ya gangara, su ake kira Jabariyya. A ɗaya gefen ga Ƙadariyya, sannan Mu'utazila mutanen Wasilu bin Aɗa'u a Basra, suka ce a'a, bawa shi yake samar da aikinsa da kansa, in ba haka ba hukunta shi zalunci ne, Allah kuwa ba ya zalunci. Sai Imamu Abul Hasanil Ash'ari, wanda shi ma ya daɗe a cikin Mu'utazilan kafin ya fita, ya rasu a 324, ya zo da maganar kasabu, wato Allah ne mahaliccin aikin amma bawa ne ya nufe shi ya ɗauke shi ya zama nasa. Ban ɓoye maka ba kasabun nan yana da wuyar kamawa, har Larabawa suna buga misali da shi in abu ya cika ɓoyuwa. Amma misalin da malamai suke bayarwa kowa zai gane shi, hannun mai zazzaɓi da yake karkarwa da hannun wanda ya miƙa ya ɗau kofi, duka motsi ne, duka da ikon Allah, amma kai kanka a jikinka kana jin ba ɗaya bane. To hannun ƙaninka da ya danna waya ya tura dubu takwas ɗin nan, karkarwar zazzaɓi ce?

Ka tuna da Sayyidina Umar lokacin da ya nufi Sham, ya kai Sargu aka ce masa annoba ta ɓarke a can, bayan shawara ya ce a juya. Abu Ubaida yace gudu daga ƙaddarar Allah? Yace e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah, ya kuma ba shi misalin mai raƙuma da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, duk inda ya kora su da ƙaddara ya kora. Yana nan cikin Muwaɗɗa, duk wanda ya zauna zaure a cikin gari ya wuce ta kansa. Kai keke gareji ma ƙaddara ce, shi ya zaɓi ɗaya gefen kwarin.

Abin da malamai suka tsayar shine ana jingina da ƙaddara a kan musiba, ba a kan laifi ba. Uwar yarinyar nan in aka ce mata ƙaddara ce an lallashe ta kuma an faɗi gaskiya. Kai ma asarar da ka yi ƙaddara ce, ka yi haƙuri. Amma yaron nasa rabon tuba ne da gyara ɓarna. Batun kuɗi kuwa fiƙihu ya raba zunubi da lamuni, ko ƙaramin yaro da aka ɗauke wa alƙalami in ya fasa kayan mutane zunubi bai hau kansa ba amma sai an biya, balle baligi mai hankali da aka danƙa wa amana.

Sai dai don girman Allah kada ka koma gida ka ce wa Baffa shi ɗan Jabariyya ne. Ina kyautata zaton zumunci yake son ɗinkewa ba aƙida yake karantarwa ba.

Yar_Samaru

Allah gafarta malam ya gama da ɓangaren addini, ni bari in taɓa maganar abokin naka tunda ita na ɗan yi karatu a kai. Ba ƙarya ya ƙirƙira ba, ra'ayi ne sananne. Wani Bafaranshe masanin lissafi mai suna Laplace a 1814 ya rubuta cewa da za a samu wani hankali da ya san inda kowace ƙwayar zarra take a duniya da irin ƙarfin da ke tura ta, to zai iya lissafo komai da zai faru har abada, gobe da jiya duk ɗaya ne a wajensa. Kafin shi ma Spinoza na Holan yace mu kamar dutse ne da aka jefa, da dutsen zai samu hankali yana cikin iska sai yace ai ni na ga dama nake tafiya. Abin da 'yan aji biyu na jami'a suka fi so su kawo kuma shine gwajin Benjamin Libet na 1983 a Amurka, ya sa mutane su motsa hannu duk lokacin da suka ga dama suna kallon wani agogo, na'ura tana auna ƙwaƙwalwarsu, sai aka ga ƙwaƙwalwa ta fara shiri kusan rabin daƙiƙa kafin motsin, shi kuma mutumin sai saura kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa yake jin ya yi niyya. Daga nan sai aka yi ta yayata wai kimiyya ta kashe zaɓi.

Amma Yayana ka duba me aka auna, motsa yatsa ne da ba dalili ba riba ba asara, ba wanda zai karye. Ina haɗin wannan da mutumin da ya kwana tara yana jin birki yana nutsewa ƙarƙashin ƙafarsa kullum safiya, yana ɗaukar matan aure da 'yan makaranta, kullum yana ce wa kansa gobe? Wannan ba shawarar rabin daƙiƙa bace, shawara ce da ya yi ta sabuntawa sau tara. Kuma ma a 2012 Aaron Schurger da abokan aikinsa sun nuna wannan alamar da Libet ya gani tana iya zama kai-komon ƙwaƙwalwa ne kawai da yake taruwa, ba hukuncin da aka riga aka yanke ba.

Inda abokinka ya yi tsalle shine ya ɗauka in aiki yana da sababi to shikenan an tilasta ka. David Hume na Sikotlan da masu bin sa sun ce ba haka bane, kishiyar 'yanci ba sababi bane, kishiyarsa tilas ne. In ɓarayi suka tare ƙaninka a hanyar Basawa suka sa masa wuƙa suka karɓe dubu takwas ɗin, kuɗi sun tafi birki bai gyaru ba, amma za ka ji haushinsa? Ba za ka ji ba. Duka biyun akwai sababi, bambancin shine a na farko sababin daga waje ya zo ya danne abin da yake so, a na biyu ta cikin kwaɗayinsa da lissafinsa da halinsa ya biyo, wato ta cikin shi kansa. Aristotle, masanin Girka, tun kafin haihuwar Annabi Isa da ƙarni uku da wani abu ya ce abu biyu ne suke ɗauke zargi, tilas da rashin sani. To an tilasta shi? A'a. Bai sani ba? Shi da bakinsa ya gaya maka birki ya yi sanyi.

Akwai ma wani labari da ake bayarwa na Zeno, shugaban wata makarantar Girkawa da su ma suka yarda komai ƙaddararre ne, ya kama bawansa da sata yana zane shi, bawan yace ai an ƙaddara min in yi sata, Zeno yace an kuma ƙaddara maka shan bulala. Ka gaya wa abokinka in yaron ba shi da zaɓi wajen cin kuɗin, kai ma ba ka da zaɓi wajen jin haushin, sai ya bar ka ka ji kayanka.

Mai_Shakka

Anti Yar_Samaru kin iya magana amma kin zagaye wurin da ƙayar take. Kin ce ta cikin halinsa abin ya biyo, na yarda, to halin wa ya ba shi? Shi ya zauna ya zaɓi ya zama mai kwaɗayin banza? Mu Hausawa da bakinmu muke cewa hali zanen dutse, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kenan mun san gado da tarbiyya suna aiki. Schopenhauer Bajamushe cewa yayi mutum yana iya aikata abin da yake so amma ba ya iya zaɓar abin da zai so. Ki ɗau yaro ki sa shi a majalisar da kowa yake buga caca, waya a hannu, talla tana bin sa har cikin wasan ƙwallon da yake kallo, ga talauci, ga wani a layinsu da ya taɓa ci sau ɗaya ya sayi mashin kowa yana ba da labarinsa, sannan kice 'yancinsa ne. Ni ban ce kar ya biya kuɗi ba, ya biya mana, don gobe ya ji tsoro don kuma a tsare 'ya'yan mutane. Amma wannan tafasar zuciyar ta cewa ya cancanci ya wahala, ita ce ban ga gindinta ba. Maganar Zeno ma wayon baki ce kawai, ba ta nuna bawan ya cancanci bulalar ba, ta dai nuna mai gida ne ke riƙe da ita.

Bakanike_Kwangila

Oga ni ban yi boko mai zurfi ba amma shekara goma sha ina kwance ƙarƙashin napep. Wlh tallahi in za a tsayar da duk keken da ke bin hanyar nan a taka birkinsu ɗaya bayan ɗaya da an sha mamaki, kullum sai na ce wa direba wannan ya cinye a canza yace bari sai an samu, ya ja ya tafi, kuma lafiya lau yake komawa gida ba abin da ke faruwa. Ƙaninka bai fi su laifi ba shi dai tashi ce ta fito fili. Sannan oga kar ka ji haushi, kai da ka ba da kuɗin washegari ka hau keken ka taka ka ji? Ko ka kira bakaniken ka tambaya an kawo? Kwana tara fa kana karɓar balas.

Yar_Samaru

Malam Bakanike wlh ka taɓo babban babi ba ka sani ba. A 1976 wasu masana biyu, Bernard Williams da Thomas Nagel, sun yi muhawara a kan yadda sa'a take shiga cikin yabo da zargi, kuma misalin da Nagel ya kawo kusan naka ne sak, direban babbar mota da ya yi sakaci bai duba birki ba, in yaro ya faɗo gabansa ya zama mai kisa, in bai faɗo ba ya koma gida ya ci tuwo, alhali sakacin ɗaya ne. Anan ne makarantun suke rabuwa. Kant, masani Bajamushe, zai ce niyya da bin wajibi ake dubawa, don haka ƙanin Bazazzagi da sauran direbobinka laifinsu ɗaya tun ranar da suka ɗau fasinja da mataccen birki, ko an buge wani ko ba a buge ba. Su Bentham da Mill na Ingila kuma sakamako suke aunawa, wace cuta aka yi wane amfani aka samu, kuma wajen hukunci tambayarsu wane mataki ne zai rage cuta nan gaba, kaga Mai_Shakka ɗan gidansu ne ko bai faɗa ba.

Ƙanina Mai_Shakka, na yarda ba wanda ya ƙera kansa daga babu, wannan ƙullin har yau ba a kwance shi ba kuma ba zan yi maka ƙaryar na kwance ba. Amma ka lura da su wa muke daina jin haushi gaba ɗaya, ƙaramin yaro da mai taɓin hankali, su ne muke cewa a rabu da shi ba yin kansa bane, sai dai a lallaɓa a tsare. Peter Strawson ya yi wannan maganar a 1962, cewa jin haushi da godiya da yafiya duk na tsakanin mutanen da suke ɗaukar juna cikakkun mutane ne. In Bazazzagi ya daina jin komai game da abin da yaron ya yi ya koma kallonsa kamar keken da ya lalace, ni a ganina ya rage masa daraja ne. Kuma me za a yafe in ba a yi laifi ba? Baffa yana so a yafe, amma hujjar da ya kawo ta share laifin da za a yafe ɗin.

Hali zanen dutse kuma ai mu ɗin dai muke cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wani Bature Kirk-Greene da ya koyar a Kongo ta nan Zariya ya taɓa tattara siffofi goma da Bahaushe yake auna mutumin kirki da su, gaskiya da amana suna ciki, da haƙuri da kunya da adalci. Awon namu ya fi kama da na Aristotle, ba aiki ɗaya muke kallo ba, wane irin mutum kake zama muke kallo, shi kuma da maimaici ake zama shi. Shekararsa nawa ma yaron? In bai wuce ashirin da 'yan kai ba iccen bai gama bushewa ba.

Bazazzagi_TudunWada

Na gode kwarai jama'a, Allah ya saka da alheri, na karanta duka har sau biyu. Shekararsa 22 Hajiya.

Malam Bakanike maganarka ce ta fi yi min zafi don gaskiya ce, ban taka ba ban kuma tambaya ba, kuma na san yana caca tun bara, na gani a wayarsa na yi masa faɗa sau ɗaya na share, amma na ɗau kuɗi a hannu na ba shi maimakon in tura wa bakaniken kai tsaye. Sati biyun nan duk ina ta lissafin zaɓinsa ban lissafa nawa ba. Abin dariya ma da na fara tunanin nawa sakacin sai na ji bakina yana son cewa ƙaddara ce.

Jiya bayan isha'i na kira shi soro mu biyu ba Baffa, nace kuɗin asibiti za mu raba, ni kashi ɗaya shi kashi biyu, a riƙa cira a hankali. Bai yi musu ba, kuka ma ya yi. Nace kuma ranar Juma'a tare za mu je gaida yarinyar, don tun ranar da abin ya faru bai taka ba wai kunya yake ji. Anan ne ya fara cewa Yaya dan Allah ka je kai kaɗai, nace ban yarda ba.

Keken yana gareji an gama gyara shi tun shekaranjiya, makullin yana aljihuna. Baffa ya aiko sau biyu a mayar masa don da shi yake ciyar da mahaifiyarsa, matata kuma tace in na mayar masa wani abu ya sake faruwa kada in zo ina neman wanda zan ɗora wa. Allah gafarta Almajirin_Kusfa, in na mayar masa bisa sharaɗin ni zan riƙa kai keken gareji da kaina duk wata, hakan ya yi ko in nemi wani direban?